Cibiyar saƙa da rini a birnin Kano: a ina zan sa karofi (ramukan rini)?

Ɗalibar zanen gini: Assalamu alaikum. Aikina na shekarar ƙarshe cibiyar saƙa da rini ce mai ɗakin bincike, kusa da Ƙofar Mata. Filin ƙarami ne. Zan iya sa karofi cikin ginin?

Tsohon marini: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki rufe karofi. Ganyen baba da toka in suka jiƙa suna wari, kuma zane sai ya sha iska yake yin shuɗi. Ki bar masa tsakar gida, da wurin shanya. Mabuga kuwa, masu bugun zane, ki kai su can ƙurya, ƙarar bugu ba ta barin karatu.

Injiniya: Ƙanwata, ruwan rini ya samu ramin tacewa kafin kwata. Tsofaffin zannuwa a ɗaki marar rana, haske na kashe launi.

Ɗalibar zanen gini: Na gode Baba. Mata masu ɗaure zane kafin a rina fa? Ina so su samu ɗakinsu da ƙofarsu.