Wa aka taɓa ce wa "gaskiya ita ce kwas ɗinka ba ya ba da abinci"?

Ɗan aji biyu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Likitanci na cike a JAMB har sau biyu, cikin maki 400 ban kai inda ake so ba, sai aka ba ni Tarihi. Na karɓa da niyyar in ɗan fake shekara guda in sauya. Ashe zama ya zo. Ranar da muka yi darasin jihadin 1804, muka gangaro har shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, na fito aji ina jin kamar yau na fara sanin garinmu.

Da hutun Sallah kawuna ya zaunar da ni ya ce, "Gaskiya ita ce Tarihi ba ya ba da abinci, ka sake jarrabawa." Ban yi musu ba, kawu ne. Amma a darasin falsafa na GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, an koya mana cewa akwai maganar da ake iya gwadawa a tabbatar, akwai wadda mutum ke ji a ransa kawai. Tasa a wane ɓangare take? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba mu labari.

Lauyan dole:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni Baba ne ya zaɓa min, ban ma san an cike fom ba sai da aka kawo min in sa hannu. Shekara 5 a jami'a, 1 a makarantar lauyoyi ta Bagauda, aka rantsar da ni. Yau kotu sai in yi wata ban leƙa ba, ina kasuwar hatsi ta Dawanau ina harkar riɗi, kuma a nan nake samun natsuwa.

Da na zauna na tsefe maganar Baba, sai na ga kashi biyu ce a cakuɗe. Cewa sunan lauya yana buɗe ƙofa, wannan haka yake: ko yarjejeniyar ciniki za a rubuta a kasuwa ni ake kira, kuma ba a yi min wayo a takarda. Cewa zan so aikin idan na shiga, wannan fatansa ne ya sa masa rigar gaskiya. Ka tsefe ta kawu haka.

Yayarku 'yar jarida:
Bari in ɗan ɓata muku, don na ga zancen zai koma yabon kai. Ni na kafe. Inna ta ce in yi NCE, shekara 3 in fara koyarwa, in ina son digiri daga baya in shiga ta DE, wato kai tsaye ba sai na fara daga aji ɗaya ba. Na ce a'a, aikin jarida ko ba komai. Na yi kuka, na ƙi cin tuwo, aka bar ni. Na gama, na yi bautar ƙasa, na yi shekara biyu ina aiki a wani gidan rediyo ana ba ni kuɗin mota kawai, wani watan ma shiru. Ƙawata da ta bi shawarar tata innar ta riga ni riƙe albashi da nisa.

Ban yi nadama ba, har yanzu in na ji muryata a iska sai gabana ya faɗi don daɗi. Amma a lokacin na ɗauka abin da nake ji shi ne gaskiya, na Inna kuwa tsohon tunani. Ashe nawa ma ra'ayi ne, sai dai shi ya fi ƙara. Ita ta ga mata goma da suka bi wannan hanya, ni ban ga ko ɗaya ba, hoton talabijin kawai nake kallo. Ba banza aka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da yake babban ma daga inda yake tsaye yake hange.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma a nan haka ne. In ka samu BAK a seri D, wato takardar gama sakandare a ɓangaren kimiyya, gida duka sai su ce ka tafi Yamai ka karanta likita. Na zauna jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na yi ilimin noma. Tsohona ya ce ya kai ni lakwal don in huta da hauya, na dawo masa da hauya. Bai sake maganar ba tun damanar da muka canza irin gero a gonarsa.

Mai jiran rantsuwa:
Ni ina ajin ƙarshe a likitanci, kuma ina son sa, kada a ce na zo kushe. Ƙanina, ɗauki biro. Karatu shekara 6, horon asibiti 1, bautar ƙasa 1. Wannan in komai ya tafi daidai; yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙara shekara biyun da za ka zubar. Ga abin da ba ra'ayin kowa ba ne. Ka kai wa kawu lissafin, ka tambaye shi cikin ladabi wa zai ɗauki nauyin waɗannan shekarun. Sannan kai ma ka amsa tambaya ɗaya: da digirin Tarihin me za ka yi? In koyarwa a jami'a ce, sai ka fito da sakamako mai kyau ka ci gaba zuwa digiri na biyu. In ba ka da amsa, kawu ya fi ka hujja.

Ɗan aji biyu:
Na gode Yaya, tambayar nan ta hana ni barci. Jiya na je gidan kawu da lissafin a takarda. Ya duba, ya yi shiru, ya ce in kawo masa sakamakon zangon nan kafin mu sake magana. Akwai wanda ya taɓa zuwa Gidan Arewa a Kaduna neman tsofaffin takardu? Suna barin ɗan aji biyu ya shiga, ko sai da wasiƙar sashe?