Me ke sa kama-walkinka ta rufe idan an taɓa ta?

Baban Husna:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar na je gona da 'yata mai shekara 7, muka tarar da kama-walkinka a gefen hanya. Na nuna mata wasanmu na yarinta: na ɗora yatsa, ganyen suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan yarinyar nan ta tsugunna, in sun buɗe ta sake taɓawa, har magariba ta kusa. A hanyar gida ta tsare ni: "Baba, zafi take ji?" Na ce mata kunya ce. Daga kallon da ta yi mini na san ba ta gamsu ba. Masana, a fitar da ni.

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Aikin ruwa ne, Baban Husna. A gindin kowane ɗan ganye akwai wata 'yar gaɓa mai kumburi, ƙwayoyinta cike tam da ruwa, su ke riƙe ganyen a miƙe. Da ka taɓa, ɗan saƙon lantarki zai ratsa tsiron, sinadarin fotasiyam ya fice daga ƙwayoyin gefe ɗaya na gaɓar, ruwa ya bi bayansa. Sai gefen ya saki kamar salkar da aka tsiyaye, ganyen ya faɗi. Komawar ruwan ce ke ɗaukar mintoci, abin da ya zaunar da Husna ke nan. Zafi kam ba ta ji, ba ta da ƙwaƙwalwa.

Dattijon Fadama:
Malama, Allah ya ƙara sani. To gyaɗa fa? Ba mai taɓa ta, amma duk dare sai ganyenta sun haɗe. Haka tsamiyar ƙofar gidana. Duman da na shuka a jikin danga kuwa, siririn zaren nan nasa da safe yana lilo a iska, kafin gobe ya naɗe kara ram, ko ka ja sai dai ya tsinke.

Malamar Kimiyya:
Baba, gyaɗa da tsamiya irin gaɓar nan gare su, sai dai su haske da duhu suke bi. Na duma daban ne: ɓangaren zaren da bai taɓa karan ba ya fi saurin tsawo, dole ya murɗe. Girma ne, shi ya sa in ya kama sosai ba ya warwarewa.

Baban Husna:
Na gode ƙwarai. Na yi mata bayanin salka. Yanzu cewa take a kai ta gonar gyaɗa bayan isha da tocila.