Shin launin da antibodi ya bayar ya isa hujjar ERβ a sankarar mama?

Ɗalibar ɗakin gwaji ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina aikin digiri na biyu a kan ERβ, makarɓin sinadarin istrojin na biyu (furotin da istrojin ke manne wa a cikin ƙwayoyin jiki), wanda ake zaton yana danne bunƙasar ƙari a mama, saɓanin ERα da aka sani da ingiza ƙwayoyin sankara su hayayyafa. Naman da ke hannuna an adana shi a kakin farafin, kuma yawancinsa na matan da ƙarinsu ba shi da ERα, ba PR (makarɓin sinadarin furojestaron), ba HER2 (wani furotin mai ingiza ƙari). Na yi rini da antibodin PPG5/10 (antibodi furotin ne da ake sa ya manne wa abin da ake nema, launi ya nuna inda yake), sai cibiyoyin ƙwayoyi da dama suka ɗauki launin ƙasa-ƙasa, amma mai duba aikina ya ce kada in yi saurin murna. Shin wannan launi bai isa hujja ba?

Tsohon malamin nazarin cututtuka ya amsa:

Wa alaikis salam, 'yata. Ki riƙe maganar malaminki da kyau. Tun da Jan-Åke Gustafsson da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka bayyana ERβ a 1996, bayan sun gano shi a jikin ɓera, aka shafe kusan shekara 20 ana rina naman mama ana ƙirga ƙwayoyi masu launi, sakamakon wannan ɗakin gwaji yana karo da na wancan. A 2017 wasu masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake cewa suna kama ERβ, suka wallafa a mujallar Nature Communications cewa ɗaya kaɗai, PPZ0506, ya nuna yana kama shi shi kaɗai a rinin nama. PPG5/10 da kika yi aiki da shi, da 14C8, waɗanda su ne aka fi yayi, ba su tsallake ba. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne, da antibodin da ya tsallake an ga furotin ɗin a ƙwan mace (wato obari, gaɓar da ke samar da ƙwai) da gwaiwa da ƙwayoyin garkuwar jiki, amma ba a gan shi a mama ba, mai lafiya ko mai sankara. Launin da kika gani yana nuna antibodi ya manne wa wani abu. Ko mene ne abin, wannan ke ce za ki tabbatar.

Mai nazarin ƙwayoyin halitta ya ƙara:

Ranka ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba, sai dai ina tsoron kada ɗalibar ta ɗauka an rufe babin. An sha nunawa cewa idan aka sa ƙwayoyin MCF-7 ko T47D, ƙwayoyin sankarar mama da ake reno a ɗakin gwaji, suka riƙa samar da ERβ, rarrabuwarsu tana raguwa, kuma daga nan zaton danne ƙari ya samu ƙarfi. Rauninsa kuwa shi ne yawan furotin da ake cusawa ya zarce abin da jiki ke yi da kansa. Ga kuma batun ire-irensa, ERβ1 da ERβ2 da ERβ5, waɗanda suka bambanta ta wutsiya, wato ƙarshen furotin ɗin, alhali PPG5/10 wutsiyar ERβ1 aka yi shi domin ya kama.

Ma'aikaciyar rinin nama ta rubuta:

'Yar'uwa, kafin ki sake taɓa naman marasa lafiya, ki ajiye gilashi biyu na gwaji. Ɗaya ya zama ƙwan mace, inda ƙwayoyin giranulosa, masu kewaye ƙwai, za su ba ki launi na gaskiya, ɗayan kuma ƙwayoyin da aka kashe musu ESR2, ƙwayar gadon da ke samar da ERβ, ta hanyar CRISPR (dabarar yanke ƙwayar gado), waɗanda bai kamata su ɗauki launi ko kaɗan ba. Sannan ki raba furotin bisa nauyi ki ga ko layi zai fito kusa da kilodalton 59, wato nauyin ERβ, ki kuma auna saƙon RNA na ESR2, wanda daga shi ake ƙera furotin ɗin, a naman. Ki binciki daɗewar naman a fomalin, ruwan maganin adana nama, ma, domin ƙa'idar da ake bi wajen gwajin makarɓin istrojin ita ce awa 6 zuwa 72, kuma na sha karɓar naman da ya kwana fiye da mako a ciki.

Ɗalibar ɗakin gwaji ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙwayoyin CRISPR sun fi ƙarfin aljihunmu, amma akwai naman ƙwan mace a ma'ajiyarmu, kuma zan roƙi mai duba aikina mu sayo PPZ0506 mu rina gilasai iri ɗaya da antibodin biyu, mu kwatanta.