Littafin bashi da tunatar da masu bashi a shagon ƙauye

Mai Kayan Noma:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a wani ƙauye da ke gabas da Kano, inda nake sayar da takin NPK da yuriya da maganin feshi da irin masara, kuma yawancin cinikina na damina bashi ne, sai kaka ake biya. A bara wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, ya dage a kan cewa buhu biyu ya ɗauka alhali uku na rubuta, kuma ba ni da shaida sai yaron shago, don haka na bar masa buhu guda saboda kunya. Ina neman shawara a kan yadda zan tsara littafina, da kuma yadda zan tuna wa mutum bashi ba tare da ya ɗauke shi cin fuska ba.

Tsohon Akawu:
Wa'alaikumus salam. Malam, aibin littafinka shi ne kai kaɗai ka san abin da ke cikinsa, shi kuwa wanda ake bi bai taɓa ganin shafinsa ba. Ka sayi littafin rasit mai kwafi biyu, ka rubuta a gaban mutum, ka karanta masa da baki, sannan ka yage na sama ka miƙa masa, na ƙasa ya zauna a wurinka. Wanda bai yi boko ba ya sa hannu da ajami ko ya dangwala yatsa. Idan wani ya ga kamar ba ka yarda da shi ba ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ban taɓa ganin dattijon da ya yi musu bayan an faɗa masa haka ba.

Ka ware wa kowa shafinsa, kuma ka daina rubuta "sai kaka" a gurbin ranar biya, domin kakar mai gero ta riga ta mai dawa da nisa. Ka rubuta ranar kasuwar da kuka yi alkawari. Farashi ma ku yanke shi tun ranar ɗaukar kaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya sun yi tashin gwauron zabo, kuma masu shago da dama sun so su ƙara wa waɗanda suke bi kuɗi daga baya, abin da ya jawo rigima, ga kuma matsalar kuɗin ruwa a shari'ance.

Hajiya Mai Injin Niƙa:
Ɗana, abin da Tsohon Akawu ya faɗa daidai ne, amma takarda ba ta karɓo kuɗi. Kada ka aika yaro ƙofar gidan magidanci, domin maƙwabta sun san abin da ya kawo shi, kuma kada ka tare shi a ƙofar masallaci ko a majalisa. Ni saƙon murya nake turawa ta WhatsApp ga mai babbar waya, mai ƙarama kuma na kira shi bayan isha'i. Nakan fara da gaisuwa, na tambayi iyali da yadda amfanin gona ya yi, sannan na ce, "Na ga ranar da muka yi da kai ta matso, shi ne na ce bari na ji ko da wani uzuri." Lokaci ma yana da muhimmanci: ka yi magana sa'ad da ake sussuka, kafin hatsi ya tafi kasuwa, domin da zarar kuɗin ya shigo hannu, biki da kuɗin makaranta sun riga ka.

Mai POS na Bakin Tasha:
Yallaɓai, ƙarin da zan yi ya shafi tiransifa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 manoma da yawa ta waya suke biya, kuma sau da yawa daga asusun ɗa ko ƙane, sai ka ga suna a alat wanda babu shi a littafinka. Ka riƙa rubuta sunan mai asusun a gefen sunan wanda kake bi nan take. Kada kuma ka soke bashi saboda an nuna maka hoton rasit a waya. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.

Mai Kayan Noma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, dattijon nan ba shi da waya, kuma ya riga ya aiko a ajiye masa buhu huɗu na bana. Ina tunanin na kai masa rasit ɗin har zaurensa da kaina, tare da babban ɗansa a matsayin shaida.