Ƙwallon ƙafa da shagon ɗinki: me zan ɗauka daga fili in kai wurin aiki?

Mai shagon ɗinki, Sakkwato:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki da teloli shida, kuma duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, aikin Sallah yakan nemi ya fi ƙarfinmu. Akwai ɗaya daga cikinsu wanda hannunsa ya fi na kowa kyau wajen aikin wuyan riga, saboda haka masu kawo ɗinki sunansa suke ambata, shadda ta taru a gabansa, sauran kuma suna zaune suna jiran a ba su. Bara har daren Sallah akwai kaftani tara da ba a sa musu maɓalli ba, na riƙa ba mutane haƙuri ina jin nauyinsu. Ni mai son ƙwallo ne, kuma ina yawan tunanin yadda mutum goma sha ɗaya suke tafiya da manufa ɗaya a fili. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su gaya mini abin da zan iya koya daga can.

Tsohon ɗan wasan baya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na buga baya shekaru da dama, har na taka filin wasa na Giginya, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, a ƙungiyar da ta san abin da take yi, babu wanda yake shiga fili bai san gurbinsa ba. Kafin a busa usur, ɗan baya ya san wanda zai tsare idan aka zo bugun kusurwa, ya kuma san wanda zai rufe masa wuri idan ya hau gaba. A wurin atisaye ake shirya wannan tun kafin ranar wasa, kamar yadda ya kamata ka raba aikinka tun watan Sha'aban: wannan ya yi yanka, wannan ya haɗa, gwanin naka ya tsaya kan wuya kaɗai, ƙaramin cikinsu ya riƙe maɓalli da guga.

Sai kuma batun wanda ba a gani. Lokacin da Leicester ta ci gasar Firimiya ta Ingila a 2016 ƙarƙashin Claudio Ranieri, sunan Vardy da Mahrez ne a bakin 'yan kallo, alhali N'Golo Kanté ne yake tsakiya yana ƙwato ƙwallo yana miƙa musu. Da ya koma Chelsea, a kakar da ta biyo baya Chelsea ta ɗauki kofin, Leicester kuwa ta ƙare a ta 12. Ka duba shagonka da kyau, akwai mai yin irin wannan aiki, kuma ina kyautata zaton ba a taɓa yaba masa a gaban jama'a ba.

Malamar makaranta:
Na yarda da maganar Baba, amma ina ganin akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. 'Yan ƙwallo sakamako ɗaya suke da shi, idan an ci an ci tare, idan an sha kashi an sha tare. A yawancin shagunan ɗinki kuwa ana biyan tela ne gwargwadon kayan da ya ɗinka, to me zai sa gwani ya saki shaddar da ke gabansa, bayan sakin nata ragin kuɗinsa ne? Idan ba a gyara yadda ake rabon kuɗi ba, nasiha kaɗai ba za ta yi aiki ba. Ko a langa da yaranmu suke yi, sauran suna kare ruwa, wato ɗan wasan da ake so ya kai gaci, da ƙarfinsu ne domin idan ya isa, dukan ɓangarensu ne ya ci.

Mai sayar da albasa:
Alhaji, ni abin da nake tunawa shi ne kofin nahiyar Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida duk da sukar da ya sha, kuma Sunday Mba, ɗaya daga cikinsu, shi ya zura ƙwallon da Najeriya ta doke Burkina Faso da ci 1 da nema a wasan ƙarshe. Ka ba yaran da ke zaune amana tun yanzu, ko da za su ɓata yadi ɗaya ko biyu na kaya masu sauƙi.

Mai shagon ɗinki, Sakkwato:
Allah ya saka muku da alheri. Maganar Malama ta taɓa ni ƙwarai, domin ni da kaina na kafa biyan kowa da yawan abin da ya ɗinka, sannan na dawo ina zargin yaron da son kai. Bayan sallar Juma'a zan zauna da su shida mu tsara kason mai yanka, da mai haɗi, da mai wuya, da mai guga a kan kowace riga, mu gwada tsarin da kayan makaranta kafin azumi ya kama.