Sharar bututun hayaƙi da gyaransa: nawa ya kamata in biya?

Maman Biyu (Talladje, Yamai):
Salamu alaikum. Muna da tanderun burodi na itace a madafar gida. Bututun hayaƙinsa na jan bulo ne, tsawonsa ya kai mita 4, ya ratsa rufin tol (kwano) ya fita. Tun bayan damina hayaƙi yake dawowa cikin madafa, kuma wani baƙin ruwa yana tsiyaya a jikin bulon. Wani ya ce zai share a jikka 10 (sefa dubu goma). Wani magini kuma ya ce sai an rushe an sake, jikka 150. Don Allah masu sani, wanne ne daidai?

Magini Ɗan Tawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yarda da maganar rushewa kafin a share. Bulon da kunkunniya ta lulluɓe ba mai iya ganin tsagarsa, don haka duk kuɗin da aka yanka miki yanzu kintace ne.

Shara ta gaskiya ga yadda take. A bar tanderu ya kwana ba wuta, a toshe bakinsa da jiƙaƙƙen buhu don kada ƙura ta cika madafa. Mutum ya hau sama da burushin ƙarfe mai faɗin ramin, an ɗaura masa igiya da ƙarfe mai nauyi, ya riƙa saukarwa yana ja har ƙasa, sau da yawa. Sannan a kwashe abin da ya zubo. Aikin mutum biyu ne na rabin yini, ba a sayen komai, kuɗin hannu ne kawai da na hawan rufi. Idan mai sharar ya zo da sanda da tsumma, wannan ba shara ba ce.

Bayan nan a haska tocila ciki. In abin da ya rage gari ne mai laushi, an gama. In kuwa baƙi ne mai ƙyalli kamar kwalta, ya daskare, burushi ba ya cire shi, sai an kankare, kuma dole kuɗin ya ƙaru. Da kaurinsa ya kai milimita 3 ya isa kama wuta.

Sai gwajin hayaƙi: a kunna ɗanyen ganye a tanderu, a rufe bakin sama da katako na ɗan lokaci, kowa ya fita madafar in ban da mai dubawa. Duk inda hayaƙi ya ɓullo a sa masa alama da alli. Sau da yawa ɓarnar a mita ɗaya na sama take, wanda rana da ruwa suke duka. Lissafinsa ba wuya. In faɗin ramin tsawon bulo ɗaya ne ta kowane ɓangare, layi yana cin bulo 6, mita yana cin layi kamar 14, ke nan bulo 84, a ce 90 saboda fashewa. Buhun siminti ɗaya ya isa har da murfin saman. A Oktoban 2024 gwamnati ta ƙayyade tan na siminti mai lambar ƙarfi 32.5 a jikka 55 a Yamai, buhu 20 ke cikin tan, kin ga buhu bai cika jikka 3 ba. Ki tambayi farashin yau da na bulo a kasuwar Katako, ki ƙara yashi da aikin kwana biyu na magini da yaronsa. Ki sa ya rubuta miki kaya daban, kuɗin hannu daban. A nan za ki gane ko jikka 150 ɗin tana da tushe.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a ɗinke bulon da ke can ƙasa, kusa da wuta, da siminti zalla. Zafi mai tsanani yana cinye ƙarfinsa, ya koma gari. Wurin nan yumɓu da yashi ake kwaɓawa, ko a sayi simintin da aka yi don wuta. Siminti na gini na sama ne, inda hayaƙi ya huce.

Mai Walda Wadata:
Malam ya yi bayani. Ni kan baƙin ruwan nan zan yi magana. In ruwan sama ne, hanyarsa biyu ce: ko yana shiga ta bakin sama don babu hular da ke kare shi, ko ta mahaɗar bulo da tol. A duba mahaɗar da kyau. Abin da aka saba yi shi ne a liƙa siminti a kan tol, to tol yana miƙewa da rana yana tsukewa da dare, simintin ya tsage cikin damina ɗaya. Gyaran da yake daɗewa shi ne kwalar tol: a lanƙwasa ta ta kewaye bututun, gefenta na sama ya shige cikin layin bulo kamar santimita 2, ta ɓangaren tudu kuma ta shiga ƙarƙashin tol ɗin rufi don ruwa ya bi ta kanta ya wuce. Rabin falle ya isa.

Hula kuma a bar tazara tsakaninta da baki kwatankwacin faɗin ramin. In ta matse, ita da kanta za ta maido hayaƙi. Ragar hana tsuntsu ta zama mai manyan idanu, santimita ɗaya da rabi zuwa 2, don ta sauro tana toshewa da kunkunniya nan da nan.

Hajiya, ki sa a auna tsawo ma. Bakin ya ɗara ƙololuwar rufi da aƙalla santimita 40. In maƙwabci ya ɗaga katanga ko bene a kusa, iska tana dukan bangon ta danno hayaƙi ƙasa, kuma ko an share sau goma ba zai daina ba sai an ƙara tsawo.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. In na maye shi da bututun ƙarfe fa, ba zai fi araha ba?

Mai Walda Wadata:
A ranar saye ya fi araha. Amma siririn tol yana huce hayaƙi da sauri, kwaltar ta fi taruwa, tsatsa ta huda shi. Farin tol na rufi kuma bai dace da inda wuta take lasa ba, shafen da ke jikinsa yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai cutarwa. In dole ne, baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2, gwiwa kada ta wuce biyu, kuma ya nisanci katakon rufi da ninki uku na faɗin bututun. Tunda bulonki yana tsaye, gyaransa ya fi.

Inna ta Yantala:
Ƴata, ki duba itacen ma, don daga nan kwaltar take fitowa. Itacen da aka saya cikin damina, ko geza ne ko sabara, yana ɗauke da ruwa. Wutarsa ba ta yin zafi, tururi da hayaƙi su hau tare su daskare a jikin bulo. Busasshe za ki gan shi da tsaga a bakinsa, in kin buga biyu su yi ƙara sarai. Leda da katakon fenti kada su shiga tanderu. Mai gashi kullum ya share sau biyu a shekara, kafin ruwan Yuni da bayan damina, lokacin da tsuntsaye da zanzaro suka gama gini a ciki.

Kafin a gyara, kada kowa ya kwana a madafar, a bar taga buɗe. Ciwon kai da jiri wajen gashi alama ce ta iskar guba marar wari, a fita waje nan take. In kuma kika ji bututun yana ruri, tartsatsi na fita ta sama, wuta ce ta kama ciki. A rufe bakin tanderu don a hana ta iska, kada a kwara ruwa don bulon zai fashe, a fitar da yara, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.