Samurai da Bindiga: Wa Ya Ƙara wa Labarin Gishiri?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na sake kallon The Last Samurai, na Tom Cruise ɗin nan na 2003, karo na biyar ke nan. Duk sanda aka zo wurin da suka yi sukuwa da takubba tsirara, ga bindiga mai ruwa tana zuba musu harsashi, sai tsigar jikina ta tashi. Ni magana ɗaya na tsaya a kanta: duniya ba ta taɓa yin mayaƙa masu mutunci irin samurai, mayaƙan Japan na da, ba. Sun ƙi taɓa bindiga don a wurinsu makamin ragwaye ce, sun gwammace mutuwa da cin amanar ubangidansu. Mai ja ya fito.

Maman Biyu: Karo biyar? Gado aka bar maka a ciki?

Malam na Samaru: Wa alaikumus salam. Ina da ja, ƙanena. Bindiga ta shiga Japan a 1543, Turawan Fotugal suka sauka da ita a tsibirin Tanegashima. Ba a daɗe ba maƙeran ƙasar suka kwaikwaye ta suka shiga ƙerawa, har sunan tsibirin ya zama sunan bindigar. Kuma su wa suka saye ta? Waɗannan samurai naka. A 1575 a Nagashino, Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu sun jera 'yan bindiga a bayan shingen itace suka karya rundunar gidan Takeda. Wato shekara ɗari uku kafin zamanin da fim ɗinka yake ba da labari, sun riga sun san warin albarushi.

Ɗan Fagge: Malam, wancan zamani daban ne. Ni Katsumoto nake magana, shugaban samurai a fim ɗin, na ƙarshensu.

Malam na Samaru: To ai nan ne ma maganarka ta fi rauni. Ba a taɓa yin Katsumoto ba. Mutumin da aka ɗora shi a kansa Saigo Takamori ne, wanda ya jagoranci tawayen Satsuma a 1877. Shi kuwa Saigo ba wani ɗan ƙauye ba ne da ya ɓuya a kan dutse yana gudun zamani. Yana cikin waɗanda suka kifar da mulkin Tokugawa a 1868, janar ne a sabuwar rundunar sarki, sai da suka ɓata da abokansa a 1873 kan batun Koriya sannan ya ajiye muƙami ya koma garinsu Kagoshima. Da mutanensa suka tashi, da bindigogi da igwa suka tafi suka kewaye ganuwar Kumamoto. A hotunan zamanin ma, shi kansa cikin kakin soja irin na Turai ake zana shi.

Mai Fassara: Malam, a bar ni in taya ɗan'uwana. Ni da nake zaune da finafinai safe da yamma, na bi wannan labarin. Ranar ƙarshe, 24 ga Satumba 1877, a dutsen Shiroyama, 'yan tsirarun da suka rage ai da takobi suka gangaro cikin wuta har aka gama da su. Wannan ba Hollywood ce ta ƙirƙira ba. Kafin nan ma a Tabaruzaka, saran takobinsu ya gallabi sojan gwamnati, yawancinsu 'ya'yan manoma ne da aka ɗauka aikin soja, har sai da gwamnati ta haɗo nata masu takobin daga cikin 'yan sanda.

Malam na Samaru: Gaskiyarka, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka tambayi dalili. Harsashinsu ne ya ƙare, bindigoginsu kuma tsofaffi ne na ɗuri, ruwan sama na jiƙa musu albarushi. Wanda tuwo ya ƙare masa ya sha kunu ba za a ce ya ƙi tuwo ba.

Na Damagaram: Wannan ta tuna mini da gida. Wanda ya ga hawan salla sai ya ɗauka kakanninmu doki da lifidi da mashi kaɗai suka sani. Alhali Sarkin Damagaram Tanimun har igwa aka ƙera masa a Zinder, ga 'yan bindiga birjik. Duk mayaƙin da ya samu abin da zai ci yaƙi da shi, ɗauka yake yi. Masu kallo ne suke son doki.

Baba Alhaji: Ni tun muna zuwa silima a Kano, duk mai ƙananan idanu da ya zare takobi ɗan Chana muke ce masa. Sai yau nake jin ashe akwai bambanci. Ku ci gaba, ina sauraro.

Ɗan Fagge: Allah ya ja kwana, Baba. To na saki batun bindiga, Malam. Amma riƙon amana fa? Bushido fa, ƙa'idar mutuncin samurai? Nan ba ka da ta cewa.

Malam na Samaru: Ina da ita. Nobunagan da na ambata, wa ya ci da shi? Babban kwamandansa, Akechi Mitsuhide, shi ya ritsa shi a wurin ibadar Honnoji a 1582. Yaƙin Sekigahara na 1600, wanda ya ba Tokugawa ƙasar, abin da ya karkatar da shi shi ne Kobayakawa Hideaki ya juya wa ɓangarensa baya ana tsakiyar fafatawa. Lokacin da ake yaƙi na gaske, sauya sheƙa ruwan dare ce. Yawan maganar mutuwa don ubangida ta bunƙasa ne bayan an daina yaƙin. Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ne ke mulki, kuma in ka cire farkon zamanin, ƙasa lafiya lau take. Samurai suka koma ma'aikatan fada: akawu, masu karɓar haraji, masu gadi. Da shinkafa ake lissafa albashinsu, da yawansu bashin 'yan kasuwa ya yi musu katutu, wasu har lema suke haɗawa a gida su sayar. Littafin Hagakure da ake yawan jawowa kan son mutuwa, wanda ya faɗi maganganun cikinsa, Yamamoto Tsunetomo, bai taɓa shiga fagen fama ba. Shi kuma bushido da Turawa suka sani, daga littafin Nitobe Inazo suka same shi, wanda ya fito wajen 1900. Da Turanci ya rubuta shi, a Amurka, shi Kirista ne, matarsa Ba'amurkiya. Turawa ya rubuta wa, don su ga Japan ma tana da jarumai masu ɗa'a irin nasu na da. Daga baya aka mayar da shi Japananci.

Maman Biyu: To Malam, ka ga ke nan ba Hollywood ce ta fara ba. Mai kaya ne ya yi wa kayansa kwalliya, mai saye ya ƙara.

Mai Fassara: Abin da nake son faɗa ke nan, Anti. Fim ɗin nan ya yi kasuwa ƙwarai a Japan ɗin kanta, Ken Watanabe da ya fito a Katsumoto kuma har takarar Oscar ya shiga da shi. In zagi ne, don me suka cika silima? Shi Saigo ma ai gwamnati ta yafe masa a 1889, yau ga gunkinsa can a lambun Ueno a Tokyo, riƙe da karensa.

Maman Biyu: Kowa na son a ce kakansa zaki ne. Ni abin da ke damuna daban. Me ya tunzura su tawaye? A 1873 aka ce kowane ɗan talaka zai iya zama soja, a 1876 aka hana su yawo da takobi, aka kuma soke albashin gado da suke ci. Mutanen da ba su kai ɗaya cikin goma na jama'a ba, manomi na noma suna ci, har doka ta ba su damar sare talakan da ya yi musu rashin kunya. Gata aka ƙwace musu. Amma a fim sai ka ga ƙauye tsaf, kowa na murmushi, ana ta sunkuya wa juna. Ina manomin da ke ciyar da su?

Ɗan Fagge: Anti, kin shigo da siyasa.

Maman Biyu: Ita ce a ciki tun farko, ƙanena.

Na Damagaram: Ni kuma Ba'amurken da Tom Cruise ya fito a matsayinsa, mai horar da sojan Japan a fim ɗin, shi ya tsaya mini a wuya. Faransawa ne suka horar da sojan ƙasa na Japan a lokacin, daga baya Jamusawa, sojan ruwa kuma Ingilishi. Baturen da ya yi yaƙi a gefen samurai da gaske Bafaranshe ne, Jules Brunet, kuma a yaƙin 1868 zuwa 1869, ba na Saigo ba. Aikinsa ma harba igwa. An cire masa igwar, an sauya masa ƙasa, an ba shi takobi ya ƙware a cikin hunturu ɗaya. Dutsen da kuke gani a bayansu ma yawanci a Niyuzilan aka ɗauka.

Mai Fassara: Wannan kam na sallama. Amma ana gyarawa. Shogun, fim mai dogon zango na 2024, yawancinsa da Japananci aka yi, ɗan wasan Japan Hiroyuki Sanada na cikin masu shirya shi, ya kwashe lambar Emmy 18. A can za ka ga makirci da igwa da cin amana yadda Malam yake so.

Malam na Samaru: Ya fi, ba shakka, ko da yake har yanzu ta idon Bature ake shigar da mai kallo. Wanda ke son ya ga yadda Japanawa suka tuhumi abin da kansu ya nemi Harakiri na Masaki Kobayashi, 1962. Samurai ne matalauci da ya sayar da takobinsa ya rataya na gora, manyan gida suka tilasta masa ya farke cikinsa da goran don kare sunan gidansu.

Ɗan Fagge: Da gora? Innalillahi.

Baba Alhaji: Kai Mai Fassara, kana da shi a shago?

Mai Fassara: Baƙi da fari ne fa, Baba, kuma magana ta fi faɗa yawa. Yara ba za su saya ba.

Baba Alhaji: Ni ba yaro ba ne. Ka sa mini a waya, jikana zai zo karɓa bayan la'asar.

Ɗan Fagge: A sa har da ni. Amma Malam ya sani, sukuwar ƙarshen nan ban sake ta ba, gobe ma sai na kalla.